Yadda za ka shiga harkar tsara dokokin ƙirƙirarriyar basira ba tare da zama mai bincike ba

Ƙanina, ka daina cewa sai mai digirin dakta ne ke iya shiga harkar tsara dokokin ƙirƙirarriyar basira. Harkar nan tana neman mai tsara taro, mai rubuta wa ɗan majalisa taƙaitaccen bayani, da mai iya riƙe kasafin kuɗin shiri. Ƙofar da na fi yarda da ita ita ce gurbin horo mai alawus na 'yan watanni, irin wanda cibiyar GovAI ta Ingila, mai nazarin yadda za a tsara dokokin ƙirƙirarriyar basira, ke buɗewa lokacin zafi da na sanyi.

Kafin ka cika fom, karanta Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, da daftarin manufar ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira na 2024, sai manufar Tarayyar Afirka kan wannan fanni, ita ma ta 2024. Daga nan ka zauna ka rubuta shafi biyu kacal kan matsala guda. Misali, idan manhajar bashi ta hana mai shago a kasuwar Wuse rance, wa zai kai wa ƙara, hukumar kare bayanai ta NDPC ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC? Ka kawo hujja, ka faɗi ra'ayinka ƙarara. Masu tantancewa sun gaji da takardun da ke cewa "ina da sha'awa". Aikin hannunka suke son gani.

Tunda a Abuja kake, ka riƙa leƙa tarukan hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA da cibiyarta ta ƙirƙirarriyar basira, NCAIR, ko da kujerar baya ce. Amma kada ka je rabon katin adireshinka kawai, ka yi tambaya mai ma'ana ɗaya.

A fom ɗin, ambaci aikin da kake so bayan horon da sunansa, kuma ka sabunta fasfo tun yanzu, don biza tana cin lokaci.