Darasi na Bakwai: Sabon Haɗin Inji Yana Misin

A Suame Magazin, unguwar makanikai da ke Kumasi, kullum ana sauke inji, a canza masa ringi da gasket, a mayar da shi. Wani sa'in da an tayar sai ya kama karkarwa, salansa tana tari: shi ne misin, wato wata silinda ba ta kama wuta yadda ya kamata. Yaran gareji da yawa nan take suke kai hannu ga distributa, mai raba wuta ga fulogi, su fara murɗawa. Kada ka yi haka. Injin da aka buɗe jiya, matsalarsa galibi tana wurin da hannu ya taɓa, don haka can za ka fara dubawa.

Fara da wayoyin fulogi. Yawancin injuna masu silinda huɗu suna ba da wuta a jere kamar haka: 1, 3, 4, 2. Silinda ta ɗaya yawanci ita ce ta kusa da fuli, wato faifan da bel ke hawa a gaban inji. Duba inda rota, ɗan hannun da ke cikin distributa, take juyawa, dama ko hagu, sannan ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wayoyi biyu kacal in suka sauya wuri, inji zai yi ta rawa.

Ga wurin da ya fi rikita masu koyo. Karanshaf, sandar da fistin ke juyawa, yana zagayawa sau biyu kafin distributa ta zagaya sau ɗaya. Ke nan fistin na ɗaya yana hawa sama sau biyu: sau ɗaya yana matse iska da fetur, sau ɗaya yana korar hayaƙi. Alamar fuli, wato tsagin da ke nuna fistin na ɗaya ya kai ƙarshen sama, tana zuwa daidai a duka biyun. In aka dasa distributa a hawan hayaƙi, inji ba zai tashi ba, sai dai ya riƙa harbi ta kafireta. Kwance fulogi na ɗaya, ka toshe ramin da babban yatsa, wani ya juya inji a hankali da sifana. In ka ji iska tana ture yatsanka, hawan matsi ke nan. Ka kai alamar kan sifiri. A nan dole bakin rota ya kalli wayar silinda ta ɗaya.

In inji ya tashi, sai ka saurara. Wutar da ta yi gaba da yawa, wato ta riga lokacinta, tana sa shi ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a hawan tudu, kuma sitata tana nauyi. Wadda ta yi baya tana kashe ƙarfi, inji ya yi zafi. Kunne yana taimakawa, amma ni dai na fi yarda da fitilar taimin, wadda ke haska alamar fuli ta nuna a digiri nawa wuta ke tashi. Yawan digirin da ake so yana kan takardar da ke manne a cikin bonet ko a littafin motar. A yawancin tsofaffin motoci ana cire tiyon iska na distributa, a toshe shi, kafin a auna.

Idan misin bai tafi ba, nemo silindar da ba ta aiki. Inji yana silo, ka cire wayoyi ɗaya ɗaya da filaya mai roba a hannu, don wutar koyil tana fizga sosai. Wadda ka cire amma ƙarar inji ba ta canza ba, ita ce. Musanya fuloginta da na maƙwabciyarta. In matsalar ta bi fulogi, ka gano ta. In ta tsaya a wurin, auna matsi, ka kuma duba ratar bawul, domin bawul da aka ɗaure fiye da kima ba ya rufewa.

Motocin zamani ba su da distributa. A nan na'urar kwamfuta ake sawa. Lambar P0301 tana nufin silinda ta ɗaya ce ke misin, P0302 kuma ta biyu.

Aiki: Ka roƙi masta ya nuna maka alamar fuli a motar da ke garejinku. Zana murfin distributa a littafinka, ka rubuta lambar kowace waya a wurinta, ka kawo aji mako mai zuwa.