Kurakuran da ake yi idan ƙyanda ta feso wa yaro

A gidajen haya na Agege, Idi-Araba da Mile 12, inda iyalai ke haɗa tsakar gida da banɗaki, ƙyanda ba ta shan wahalar yaɗuwa. Iska ce ke ɗaukar ta, kuma tana iya kai awa 2 a ɗaki bayan mai tarin ya fita.

Kuskure na farko shi ne a ce ƙurajen zafi ne, tunda Legas ba a raba ta da gumi. Bambancin a fili yake. Baƙon dauro, wato ƙyanda, yana farawa da zazzaɓi mai tsanani, tari, majina da jan ido. Bayan kwana 3 zuwa 5 ƙuraje su fito a goshi da bayan kunne, su gangaro ƙirji har ƙafa. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba, sai an shafa hannu a ji kaushi. A haska cikin kumatu, ana iya ganin fararen ɗigo ƙanana. Idan ƙurajen sun ɗuri ruwa, a yi zaton ƙarambau.

Sai hana wanka da rufe taga, wai kada ƙurajen su koma ciki. Ba sa komawa. A yi masa wanka da ruwa mai ɗumi, a bar iska ta shiga, a ci gaba da ba shi nono, kunu da ruwa.

Abin da ya fi damun mu shi ne ido. Ana ɗiga nono, ruwan ganye ko a rambaɗa kwalli, alhali cutar ta riga ta cinye bitamin A na jikin yaron, idon na gab da miki. Tsaftataccen ruwa da auduga kawai za a sa a goge kwantsa. A kai shi asibiti a ba shi bitamin A sau 2, yau da gobe. Kada a ba shi asfirin, kuma antibayotik na kemis ba ya kashe wannan ƙwayar.

Yaro yana baza cutar tun kwana 4 kafin fesowa har kwana 4 bayanta, don haka ba makaranta, ba Islamiyya, ba kusantar jarirai da masu juna biyu.

A garzaya asibiti idan numfashi ya kai 50 a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko haƙarƙari na lotsawa, ko jijjiga, ko ido ya yi hazo. Sauran yaran gidan kuma a duba katinsu: allurar ƙyanda biyu ce, a wata 9 da wata 15.