Yadda zaka adana na'urar gem a waje mai sanyi bata lalace ba

Na'urar da take a kashe tana iya jure sanyi sosai, matsalar yawanci tana zuwa ne ranar da ka ɗaukota daga sito ko gareji ko but ɗin mota ka shigo da ita ɗaki mai ɗumi. Kaga dai yadda kwalba ke gumi in an fito da ita daga firij, toh haka cikin PlayStation ko Xbox yake yi, sai dai shi wannan gumin a kan allon wayoyin ciki yake sauka inda ido baya gani, kana jona wuta ruwa ya haɗa layin da bai kamata su haɗu ba shikenan.

Kafin ajiya, kasheta gaba ɗaya ka zare daga soket, kar ka barta a yanayin barci. Cire faifan dake ciki. Idan pad ɗin Xbox ne mai amfani da batir AA toh cire su, in suka daɗe suna yoyo su cinye ƙarfen. Su kuma masu batirin litiyum a jiki, irin Nintendo Switch da pad ɗin PS5 (PlayStation 5) da waya da laftof, ka barsu da caji wajen kashi 50, kada ya cika kada ya mutu, kuma ka riƙa ɗan sa musu caji kamar duk wata 6.

Sai marufi. Kwalinta na asali yafi, ko roba mai murfi, ka jefa ƙananan ƙullin silika jel ɗin nan da ake samu cikin kwalin takalmi don su tsotse danshi. Kuma ka ɗora a saman kantar ajiye kaya, kar ka ajiye a ƙasa, don siminti yana riƙe sanyi da laima.

Yanzu ga inda mutane ke ɓata abin, wato ranar ɗaukowa. Kar ka buɗe kwalin nan take, barshi a rufe cikin ɗaki ya ɗumama a hankali, awanni kaɗan in sanyin ba wani mai tsanani bane, in kuwa ta kwana inda ruwa ke daskarewa ni dai shawarata ka bata kwana guda cur. Sony da Nintendo duk sun rubuta digiri 5 zuwa 35 a matsayin yanayin da za'a kunna PS5 da Switch. Kada kace bari in taimaka mata da hita ko handiraya, ɗumi na gaggawa shi ke ƙara jawo gumin, ga roba mai sanyi bata da wuyar tsagewa.

Caji ma haka, batirin litiyum ba'a sa masa caji ƙasa da digiri 0, yana raunana shi har abada ko da daga baya ya ɗumama. PS4 kuma yafi buƙatar haƙuri saboda had disk ɗinsa mai juyawa ne, shi PS5 na SSD ne babu abinda ke motsi a ma'ajiyarsa.

In ka taɓa kaji ba sanyi kuma babu raɓa a jiki sai ka kunna. Idan ta ƙi karanta faifai wataƙila idon dake karanta faifan ne ya yi hazo, kashe ka ƙara mata wasu awanni sannan ka sake gwadawa.