Yadda ake rubuta wa banki takardar ƙorafi har a kula ka

ATM ya cire maka kuɗi bai ba ka ko sisi ba, ko ka yi taransfa alat ya shigo an cire amma can bai isa ba, kai ta kiran layinsu ana ce maka ka ƙara haƙuri. To ka bar kiran nan haka, ka rubuta musu, don maganar waya ba ta barin shaida.

Da farko ka tara hujja kafin ka taɓa biro: ranar da abin ya faru da lokacin, adadin kuɗin daidai ba "kusan kaza" ba, risit ko hoton alat, sannan lambar cinikin, wannan doguwar lamba da ke jikin risit ɗin. Wallahi nan mutane ke yin asara, wanda zai karanta takardarka fa bai san ka ba, ƙorafi ne jibge a gabansa, da lambar nan zai shiga kwamfuta ya gano inda kuɗinka ya maƙale, in babu ita sai ya ture takardar gefe.

Sai ka rubuta. A sama sunanka kamar yadda yake a asusun, lambar asusu, lambar waya da kwanan wata. Ka ba ta kai a layi ɗaya, misali "Ƙorafi kan kuɗin da ATM ya cire bai biya ba". Labarin ya zo bi da bi, gajere, shafi ɗaya ya isa. Ban da zagi, na san ranka a ɓace yake amma zagi ba ya dawo da kuɗi.

Daga nan ka faɗi abin da kake so ƙarara, a mayar min da kaza cikin asusuna, kuma a ba ni amsa a rubuce.

PIN ko lambar sirri kar ka kuskura ka sa, ko ma'aikacin banki ba shi da hurumin ganinsu.

Ka haɗa da kwafin takardun, na asali su zauna a hannunka. In da hannu ka kai, a buga maka hatimi a kwafinka, in imel ne ka nemi lambar ƙorafi ka ajiye. Idan suka yi shiru sai ka wuce gaba da wannan kwafin, a Najeriya Babban Banki na da sashen kare haƙƙin kwastomomi, a Ingila kuma in banki ya wuce wa'adin da doka ta ba shi bai ba da amsar ƙarshe ba akwai hukumar da ake kai ƙara. Can ma abin da za su fara tambaya shi ne shaidar cewa ka kai wa bankin kuka tukuna.