Kurakuran da muke yi wa laka da jijiyoyin saƙo

Kalmar "jijiya" ce ta fara ruɗa mu. Da ita muke kiran hanyar jini, da ita kuma muke kiran zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Ita wannan ba jini ke bin cikinta ba, saƙo ne mai kama da lantarki. Daga laka, wadda ke cikin ƙashin baya, jijiyoyi 31 ke fita ta kowane gefe. Jijiyar hannu ko ƙafa in ta yanke takan toho a hankali, kamar milimita ɗaya a rana. Laka da ƙwaƙwalwa kuwa, in sun lalace da wuya su dawo.

Shi ya sa yadda ake ɗaukar wanda ya yi haɗari yake tayar mini da hankali. Mota ta faɗi a hanyar Gusau zuwa Funtuwa, jama'a su taru da kyakkyawar niyya, wannan ya kama hannu, wancan ƙafa, a cusa mutum bayan mota a lanƙwashe. In ƙashin wuya ko na baya ya karye, wannan ɗaukar kan ƙarasa lakar, mutum ya daina tafiya har abada. A riƙe kansa da wuyansa kada su motsa, a kwantar da shi miƙe a kan katako ko ƙyaure, a ɗaga gaba ɗaya.

Mai farfaɗiya kuma ana tura masa cokali a baki, ana ɗura masa ruwa, wasu su gudu wai kada yawunsa ya taɓa su. Ba a ɗaukarta ta yawu. Saƙon ƙwaƙwalwa ne ya rikice. A janye shi daga wuta ko rijiya, a kwantar da shi ta gefe. In jijjigar ta wuce minti 5, sai asibiti.

Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe? Kada a kwana a gida ana cewa iska ce. Hanyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa.

Mu mutanen Zamfara mun ga abin da dalma ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010: yara kusan 400 suka rasu, wasu da suka rayu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Daga ƙurar dutsen zinari dalmar ta fito, don haka kada a daka shi cikin gida, kuma mai haƙa ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa.