Yadda za ka lissafa kayan da katangar bayan gidanka za ta ci kafin ka kira magini

Abin da ya sa nake wannan rubutun, lokacin da na zo zagaye bayan gidanmu magini ya tsaya ya kalli wurin da ido kawai ya ce bulo 600 ya isa, ni kuma na yarda, aiki bai je ko'ina ba bulo ya ƙare, katanga ta tsaya a daidai ƙirji kusan wata biyu awakin maƙwabta suna leƙo mu. Ba cuta ya yi niyya ba, kintace ne kawai. Tun daga nan ni da biro da takarda nake fara gini.

Farko ka samo tef ka auna da kanka, kar ka dogara da abin da ke takardar fili. Bari mu yi misali da namu: faɗin baya ƙafa 50, gefe da gefe kowanne ƙafa 35, jimla ƙafa 120 kenan. In maƙwabcinka ya riga ya ɗaga nasa gefen kuma kun yi magana ya yarda ka jingina, sai ka cire wannan ɓangaren, amma fa ku yi maganar tun da wuri, rigimar iyaka ba ta da daɗi ko kaɗan.

Sai bulo. Bulon da ake bugawa a nan tsawonsa inci 18 ne, wato ƙafa ɗaya da rabi, tsayinsa inci 9, ko mai inci 6 ne ko mai inci 9 kaurin ne kawai ya bambanta. To ka raba 120 da 1.5, ya ba ka 80, layi ɗaya zai ci bulo 80 kenan. Kowane layi in ka haɗa da kwaɓin da ke tsakani yana tashi wajen inci 10, layi 9 daga ƙasa zai ba ka ƙafa 7 da ɗan wani abu, wanda ya isa mutum ba zai leƙo ba sai ya taka wani abu. 80 sau 9, 720 na inci 6. Fandisho kuma layi 3 na inci 9, 240. In wurin fadama ne ko ruwa na kwanciya da damina layi 3 ba zai yi ba, ka sa 4 ko ma 5, nan ne lissafin mutane da yawa yake rushewa saboda abin da ke cikin ƙasa ba a ganinsa.

Ka ƙara kamar 5 a kan kowane 100 saboda fashewa, wajen lodi a fasa, wajen saukewa lebura ya jefar, magini ya sare rabi ya yar da rabi. Sai ya zama 760 da 250. Wani zai ce ai filoli, wato ginshiƙan kankare da ke riƙe katanga, da ƙofar baya sun cinye wuri ya kamata a rage, gaskiya ne, amma ni bana ragewa, bulo 30 da ya yi saura ya fi a ce ka sake ɗauko mota saboda guda 30.

Kuma don Allah ka je gidan bulon da ƙafarka. Ka ɗauki ɗaya ka murza gefensa da yatsa, in yana zuba kamar garin kwaki ka bar shi ko nawa ne sauƙinsa, wasu buhu ɗaya suke miƙar da shi ya fitar da bulo fiye da kima kuma ba sa ba shi ruwa yadda ya kamata.

Yanzu fila. Kowace ƙafa 10 ana son fila ɗaya, kuma dole kowace kusurwa da bakin ƙofa su samu. Kar ka raba 120 da 10 kawai ka ce 12, ka bi gefe-gefe ka ƙirga, namu 14 ya ba mu. Kowace fila sanda 4 ce ta rodi mai 12mm a tsaye. Ga inda na sha mamaki: rodi ɗaya tsawonsa mita 12 ne, kusan ƙafa 40, sai na ce ai a yanka shi huɗu ya yi fila ɗaya, rodi 14 shikenan. Ashe fila daga gindin fandisho zuwa sama ta kai ƙafa 10, ga lanƙwasar da ake yi a ƙasa, sanda ɗaya sai ta kusa ƙafa 11, uku kawai rodi yake bayarwa. Fila 14 sau 4 sanda 56 kenan, a raba da 3, rodi 19. Guntayen da suka rage kar ka bari su bi yaran gwangwan, za su yi amfani a saman ƙofa. Ring kuma, wato zoben rodi da ke ɗaure sandunan nan huɗu, na 8mm, kamar 11 a kowace fila, rodi 9 zuwa 10 zai yi, sai bandin waya da katakon da kafinta zai rufe filolin da ƙusa. Katakon ba sai ka sayi na fila 14 ba, na huɗu ko biyar ya isa ana cirewa ana mayarwa.

Siminti shi ne mai cin kuɗin, shi ya sa nake rarraba shi kashi-kashi. Wajen jera bulo, buhu ɗaya yana ɗaukar kamar 60 na inci 6 ko 45 na inci 9, ya danganta da hannun magini, wani akwai ɓarnar kwaɓi. Namu 13 da 6 kenan, buhu 19. Kankaren da ake zubawa a ramin fandisho, faɗin ƙafa ɗaya da rabi kaurin inci 4, wajen buhu 8. Filoli ka sa buhu ɗaya kowacce, 14, za ka ɗan samu rara. Duka 41. Filasta daban ce, fuska ɗaya ta wannan katangar za ta ci kusan buhu 10, in aljihu ya yi nauyi a yi, in ba haka ba ta jira bayan damina ba abin da zai same ta. Kuma kar ka kwaso 41 ɗin rana ɗaya ka jibge a ƙasa, siminti yana jan danshi ya daskare, ka riƙa saya goma-goma kana ɗorawa a kan katako.

Yashi da tsakuwa da kwanon sarki ake lissafinsu, buhun siminti ɗaya kwano 2 ne. Kwaɓin fila buhu ɗaya yashi kwano 4 tsakuwa 8, na fandisho yashi 6 tsakuwa 12, na jera bulo yashi wajen 12. In ka tara za ka ga yashi ya haura kwano 300, tsakuwa 200 da 'yan kai. Da wannan za ka je wajen mai tifa, ka tambaye shi girman motar, domin tifa suna ce kawai, wata ta ninka wata.

Abin da kowa ke mantawa ruwa. In ba rijiya ko bohol a kusa, 'yan garuwa za su ci rabonsu sosai, ga kwaɓi ga ba filoli ruwa safe da yamma na kusan mako guda. Mu duro biyu muka aro muka ajiye a wurin, kuma kullum kafin la'asar sun ƙare.