Yadda mai motar lantarki a Jamus zai karɓi kuɗin THG-Quote

Tun daga shekarar 2022, duk mai motar lantarki zalla a Jamus yana da ɗan kuɗi da ke jiransa kowace shekara, amma har yau akwai masu barinsa ya wuce su. Sunan tsarin THG-Quote. Doka ta tilasta wa kamfanonin fetur da dizal su rage hayaƙi mai ɗumama yanayi da mansu ke fitarwa: kashi 7 cikin ɗari a 2022, kuma kason yana ƙaruwa shekara bayan shekara. Kamfanin da ya gaza zai biya tarar yuro 600 kan kowane tan na hayaƙin da bai rage ba. Maimakon tara, sai su sayi ragin hayaƙin daga hannun wanda ya yi shi, wato kai da ke caji ba ka shan mai.

Da farko ka tabbatar motarka ta cancanta. Sai mai aiki da batir kaɗai. Wadda ke haɗa fetur da lantarki ba ta ciki. Sunan wanda ke kan takardar rajistar mota, wadda Jamusawa ke kira Fahrzeugschein, shi ne mai haƙƙi, ko da motar ta haya ce ta dogon lokaci. Ba a tambayar ka lissafin wutar da ka sha, domin hukuma na ƙiyasta wa kowace ƙaramar mota kilowat-awa 2,000 a shekara.

Sai neman dillali, kuma a nan ne ya kamata ka nutsu. Kamfanin mai ba zai zauna ciniki da mutum ɗaya ba, don haka dillalai ne ke tara ragin hayaƙin motoci dubbai su sayar a dunƙule, su cire la'adarsu. Wasu za su yanke maka tsayayyen farashi tun farko. Wasu kuma za su ce ka jira a sayar, a ba ka kaso daga abin da kasuwa ta bayar. Ni dai na fi son tsayayyen farashi. A 2022 an biya mutane yuro 300 zuwa 400 kan mota guda, amma zuwa 2024 abin ya faɗo kusan yuro 100 ko ƙasa da haka, bayan man tsirrai mai araha daga Sin, wanda ake zargin takardunsa na bogi ne, ya cika kasuwa, kamfanonin mai suka riƙa cike kasonsu da shi. Waɗanda suka zaɓi jira sun ji a jikinsu, wasu dillalan ma sun durƙushe da kuɗin jama'a. Ka karanta yarjejeniyar da kyau: shekara ɗaya ce, ko tana sabunta kanta ba tare da an tambaye ka ba? In an rubuta "har zuwa yuro kaza", to ba alkawari ba ne.

Da ka zaɓa, sauran aikin na minti kaɗan ne. Ka ɗauki hoton takardar rajistar gaba da baya, ka ɗora a shafin dillalin, ka ba da lambar asusunka na banki.

Dillalin zai miƙa takardun ga hukumar muhalli ta tarayya, Umweltbundesamt, ita ce ke tantancewa. Tana rufe karɓa ranar 15 ga Nuwamba, dillalai kuma kan rufe tasu ƙofar kafin nan, saboda haka ka yi tun farkon shekara. Daga nan sai haƙuri, domin kuɗin kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Idan motar ta kanka ce, ba ta kasuwanci ba, babu haraji a kansa.

Sau ɗaya ake biya wa kowace mota a shekara. Kada ka yi rajista wurin dillalai biyu, za a gano. In kuma mota ta hannu za ka saya, ka tambayi mai ita ko ya riga ya karɓi na bana; in ya karɓa, naka sai baɗi.